Kafin Yara Su Taso

Mu biyar ne a gidanmu, kuma Allah bai hana mu ci da sutura ba. Akwai Inna da ta haife mu. Akwai Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta zo mana ta'aziyyarsa shekara biyu da suka wuce, har yau ba ta ɗaure kayanta ba. Akwai Yaya, mai shagon kayan gyaran mota, mutumin da ba ya maimaita magana. Akwai 'yarsa mai shekara takwas, muna ce mata Tsigi saboda ƙanƙantarta. Sai ni, malamar aji ɗaya a firamaren da take karatu. Abu guda muka rasa: duk gidan babu wanda ya iya duban idon yaro ya faɗa masa abu marar daɗi.

Saboda haka muke da tsarinmu, tun ina ƙarama na taso na same shi. Duk wani abu mai nauyi, tsakanin takwas na safe da ɗaya da rabi na rana ake yin sa. "A yi kafin yara su taso," in ji Inna, kuma da zuciya ɗaya take faɗa, a ganinta tausayi ne. Kyanwar Tsigi da ta addabi kicin, tana makaranta aka sa ta a buhu aka kai ta nesa. Ranar da ciwon Baba ya tsananta, sai da aka jira yarinyar ta rataya jakarta ta fita, sannan aka tallafe shi zuwa mota, bai kuma dawo ba. Sai na baya-bayan nan. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe ta zangon da ya wuce, bayan auren Yaya da uwar Tsigi ya mutu, mota ta zo ƙarfe tara ta kwashe ta da kayanta. Kafin mu taso an share ɗakin, an cire labule, sai ƙusoshi a bango. Aka ce wa yarinyar Ummanta ta yi tafiya.

Tunda ba na son in ɓoye muku komai, bari in faɗi wannan ma. A safiyar nan ni na gyara mata hijabi, ni na riƙe hannunta har bakin ajinta, ni na dawo da ita. Na san komai tun ana jibi. A hanyar dawowa tana ba ni labarin tauraron da malamarsu ta zana mata a littafi, wai za ta nuna wa Umma, ni kuwa ina cewa madalla.

Yanzu ga Injiniya, don waɗanda ba su san shi ba. Shekara guda ke nan yana nemana. Mutum ne mai tsabta, rigarsa har aljihu sai an goge, in ya ce ƙarfe biyar, biyar saura minti biyu za ki ji tsayuwar motarsa. Yana aiki a wani gari mai tafiyar awa huɗu daga namu. Ba na ƙin sa, kada ku ɗauka dole ake yi min. Sharaɗi ɗaya na gindaya, cewa ba zan ajiye alli ba. Shi kuwa ya je ya samo min wata makaranta a can, suka ce in je su gan ni ranar Litinin ƙarfe biyu na rana. Litinin ɗin da ake komawa makaranta.

Saƙonsa a jere yake zuwa kamar takardar jarrabawa.

"Malamata. Na ɗaya, yayata za ta zo da direba ƙarfe tara daidai. Na biyu, a gidanta za ki sauka, Laraba ta maido ki. Na uku, ki taho da takardunki na asali. Na huɗu, doguwar rigar nan ruwan toka ta fi yi miki kyau."

In ransa fari ne Malamata yake rubutawa, in ba haka ba Malama.

Shugabar makarantarmu ta ba ni izinin kwana uku, da ƙyar, tana girgiza kai. A gida kuwa aka zauna a ɗakin Inna aka turo ƙofa, Tsigi tana tsakar gida tana wanke 'yar tsanarta. Yaya ya yanke hukunci: in kai ta aji kamar kullum, motar ta biya gida ta ɗauki akwatina, ta same ni a bakin makaranta, in sulale. Shi zai je ya ɗauko ta in an tashi. Na buɗe baki zan yi magana, Goggo ta ce mace mai shekara ashirin da tara ba ta neman izinin yara kafin ta gyara rayuwarta. Inna ta ce in ma yarinyar ta yi kuka, ai na kwana biyu ne. Ranar Laraba na haɗa akwati, kayan kwana biyu, takalmina ja, takarduna a cikin leda, muka tura shi ƙarƙashin gadon Inna muka sako zanin gado ya rufe.

Ranar Alhamis na ɗauko kayan makarantar Tsigi daga wajen tela, riga shuɗiya mai farar kwala, an ƙara mata tsawo da yatsa uku. Na kira ta ta gwada. Tana ganin rigar ta dafe ciki ta durƙusa. Na ɗauka wasa ne, sai ga amai a kan tabarma. Da yamma muka nemi takalminta na makaranta ƙafa ɗaya muka rasa, sai can Goggo ta je ɗibar shinkafa ta zaro shi daga cikin buhu.

Gidan ya ɗauki zafi. Goggo ta riƙe takalmin da yatsa biyu tana zagaya falo da shi, tana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, makircin uwar ne ya fara tsirowa. Yaya ya shigo da baƙin mai a hannunsa, ya ji abin da ya faru, ya fara kwance bel. Tsigi ba ta gudu ba, bayana ta shige ta damƙe zanina da hannu biyu.

Na roƙe shi ya bar min ita zuwa Litinin. Na ce wannan aikina ne, kowace shekara ina ganin irinsa, ciwon cikin gaske ne ko da likita ba zai ga komai ba, kuma duka ƙara shi yake yi.

"To, Malama mai digiri," in ji Yaya, ya mayar da bel ɗin. "Litinin bakwai da rabi in gan ta da jaka a baya. In ba haka ba ni zan ɗauke ta kamar buhun siminti in dire ta a aji."

Ga abin kunyar. Duk ƙarshen hutu ina tura wa iyayen 'yan ajina saƙo, kuma ranar Juma'ar nan ma na tura, ga mutum arba'in da biyu. Na ce su fara kwantar da yara da wuri tun yanzu. Na ce su bar yaro ya haɗa jakarsa da hannunsa. Na ce in yaro yana tsoro su kawo shi ya ga ajin babu kowa, ya zauna a kujerarsa, ya ga inda ban ɗaki yake. Na ƙarshe shi ne wanda na fi jaddadawa: kada ku sulale. Ku yi masa sallama ko zai yi kuka, ku faɗa masa lokacin da za ku dawo, kuma lokacin ya same ku a wurin. Iyaye suka yi ta turo godiya. Wata ta rubuto cewa Allah ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙaina. Na karanta wannan ina zaune a bakin gadon Inna, dugadugaina suna taɓa akwatin. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Asabar da hantsi na ɗauki Tsigi muka tafi makaranta, a kan cewa zan share ajina ta taya ni. Maigadi ya buɗe mana, yana tsokanarta wai hutu ya ci ta maimakon ta ci shi. Filin ya yi ciyawa, an yi wa bango sabon fenti, ƙamshinsa ya cika baranda. Na kai ta aji uku da ke hawa na sama, inda za ta koma. Ina lura da hannunta a cikin nawa, ina jiran ya yi sanyi ko ta ja baya.

Ko gezau. Ta shiga, ta karanta duk abin da ke manne a bango, ta gwada kujera uku, ta ɗauki guntun alli ta zana kifi a allo. Ta nuna min ban ɗakin 'yan mata da kanta. Yarinyar da ta yi amai don ganin riga, ga ta tana tsalle tsakanin bencina. Na rasa gane kanta. Sai ta je taga ta ɗage a kan yatsun ƙafa, ta daɗe tana leƙe.

"Anti, daga nan ana ganin gidanmu?"

Na ce ba a gani, tankin ruwan unguwa ya kare shi.

"To ba zan zo ba."

Na jawo kujerar yara na zauna daidai tsayinta, kamar yadda nake yi wa 'yan ajina. Na tambaye ta me take so ta gani a gidan. Ba ta kalle ni ba. Tana murza allin a tafin hannunta ta fara lissafo min: kyanwarta, ranar makaranta ce. Kaka, haka take kiran Baba, ranar makaranta ce. Umma, ranar makaranta ce. Ta ce ta gwada ta gani, hutun nan sati shida ko ƙofar gida ba ta fita ba, kuma ba wanda ya tafi.

"In ban zo ba, ba wanda zai tafi," ta ce.

Jama'a, shekara bakwai ina koyarwa, ban taɓa jin yaro ya kawo hujjar da ta fi wannan tsari ba. Kuma kuskure ɗaya ne kawai a cikinta.

Na fara cewa ba haka ba ne, ta katse ni.

"Na ga akwatinki. Na shiga ɗauko wa Inna silifa na gan shi. Har da takalminki ja."

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Babu Yaya, babu Goggo, daga ni sai ita sai kifin allo. Amma bakina ya riga ni, ya bi hanyar da ya saba tun ina kamarta. Na ce tsofaffin kaya ne na tara zan bayar.

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta ce, "To." Ta ajiye allin a inda ta ɗauke shi, ta kakkaɓe hannu. Har muka isa gida ba ta sake ba ni hannunta ba, bakin mayafina ta riƙe, kamar mai tsaron kada ya tsere.

Lahadi bayan azahar na ce ina da magana. Kafin in fara Inna ta aiki Tsigi maƙwabta karɓo rariya, alhali muna da biyu a rataye a kicin. Ko ni ban lura ba sai da ƙofa ta rufu a bayanta.

Na faɗa musu abin da yarinyar ta ce, kalma da kalma. Na ce ba makaranta take tsoro ba, dawowa take tsoro. Na ce in muka sake yi mata gobe, mun tabbatar mata da lissafinta, kuma ba bel ɗin da zai cire shi. Ina so in faɗa mata zan tafi, in faɗa mata ranar dawowa.

Goggo ta tafa hannu ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce yau ga ikon Allah, ƙwai ya fi kaza wayo, su da suka raini yara goma sha ba su san tarbiyya ba sai wadda ko ɗan kaza ba ta taɓa goyawa ba. Ta ce haka aka yi mana muna yara, wa ya mutu a cikinmu? Na so in ce mata har yau in na dawo daga aiki sai na leƙa ɗakin Inna na ga tana nan kafin in cire takalmi, amma na haɗiye.

Yaya bai ɗaga murya ba, shi ba ya buƙata.

"'Yata ce ko taki?"

"Taka ce, Yaya."

"To kin ji. In kika faɗa mata, gobe ba za ta je ba, ke ma ba za ki tafi ba, ta maƙale miki a wuya. Daga nan ta fara tambayar uwarta. Ke za ki amsa mata?"

Na ce ai tambayar tana nan ko ba ta furta ba, ita ce take fitowa ta hanyar amai. Ya miƙe ya ɗauki makullin shagonsa, ya ce in na isa in gwada. Inna ce ta fi ba ni ciwo, don ita ba ta yi faɗa ba. Ta ce tun rasuwar Baba ba ta da wani buri sai ta ga na zauna a ɗakina, mutumin nan ya yi haƙuri da sharaɗina ya nemo min aiki, in na bar shirmen yarinya ya ɓata wannan tafiyar kada in zo mata da kuka. Ta juya fuska bango tana jan carbi.

Na shiga ɗakina na rubuta wa Injiniya. Na yi masa bayani a taƙaice, na roƙi alfarma ɗaya: motar ta zo makaranta kai tsaye, ni zan taho da akwatina, kuma in ya yiwu yayarsa ta ba ni minti biyar yarinyar ta gan ta, ta san hannun wa na shiga. Alamar ya karanta ta fito nan take. Amsa ba ta zo ba sai bayan la'asar.

"Malama. Na ɗaya, yayata ba 'yar aikina ba ce da zan ce ta tsaya yarinya ta duba ta. Na biyu, manyanki sun yanke abu, ban ga dalilin da za ki tsallake ba. Na uku, in tafiyar kwana biyu sai an yi wannan zaman, ranar da zan ɗauke ki gaba ɗaya fa? Ki yi tunani."

Na karanta na ukun sau biyar. Abin haushin, tambaya ce mai kyau. Na rubuta "Gaskiya ne, amma," na goge. Na rubuta "Yarinya ce," na goge. A ƙarshe na tura masa cewa zan jira motar a bakin makaranta ƙarfe tara, da akwatina. Ya karanta, bai ce komai ba.

Litinin da safe na yi wanka na sa rigar ruwan toka, wadda ba na zuwa aiki da ita, na yafa farin mayafi. Tsigi tana kwance a kujerar falo ta naɗe kamar kifi a tukunya, shayin da Inna ta ɗura mata ya dawo. Kayan makarantarta suna kan hannun kujera a goge. Bakwai da kwata Yaya ya fito yana ɗaura agogo. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce lokacina ya ƙare, ya nannaɗe hannun rigarsa.

Ban san lokacin da na shiga ɗakin Inna ba. Na durƙusa na ɗage zanin gado na jawo akwatin. Ƙafafunsa suna ƙara a kan siminti har tsakiyar falo, na tsayar da shi a gaban kujerar da take kwance.

Goggo ta ce la'ilaha illallahu, wannan yarinya ta haukace. Inna ta kira sunana sau ɗaya. Ban waiwaya ba. Na durƙusa a gaban Tsigi.

"Ranar Asabar ƙarya na yi miki. Ba tsofaffin kaya ba ne. Yau zan yi tafiya, wata makaranta ke son ganina a garin su Injiniya. Zan kwana biyu, Laraba in dawo. Ko kin je makaranta ko ba ki je ba, tafiyar tana nan. Da an shirya in tafi ba ki sani ba. Na fasa yin haka."

Ta tashi zaune. Na yi zaton ihu, na shirya masa. Sai ta kai min duka a kafaɗa da 'yan hannuwanta, sau uku, huɗu, ba ƙarfi, hawaye na zuba ba sauti. Yaya ya taso, na ɗaga masa hannu, kuma ban san dalili ba ya tsaya. Da ta gaji ta share fuska da bayan hannu ta juya wajensa.

"Abba, ranar da Umma ta tafi, kun sani tun da safe?"

Yaya ya kalli agogonsa kamar amsar tana ciki. Goggo ce ta kasa riƙe bakinta, ta ce an sani mana, da mota daga sama za ta faɗo? An dai jira ki fita ne don kada ki tara mana jama'a da kuka.

Tsigi ba ta ko kalli Goggo ba. Ni ta juyo ta kalla.

"Ke ma kin sani?"

Da za a ba ni zaɓi tsakanin wannan tambayar da bel ɗin Yaya, da bel ɗin na ɗauka.

"Na sani."

"Da kika riƙe min hannu?"

"E."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar yadda take yi in ta gama lissafi ya fito daidai. Ta sauka daga kujera ta ɗauki rigarta ta shiga ɗaki. Da ta fito ta saka maɓallan a karkace, ɗaya ya haura ɗaya. Na miƙa hannu zan gyara, ta ja da baya ta gyara da kanta. Hijabin ma ita ta saka, ya ɗan karkata ta hagu, na bar shi. Ta sa takalmi, ta rataya jaka, ta tsaya a bakin ƙofa.

Yaya ya ce tunda na koya mata tuhumar ubanta a gaban mutane, in san da cewa ba zai manta ba. Ya fita da waya a kunne tun kafin ya kai ƙofar gida. Na yi wa Inna sallama, ba ta amsa ba. Goggo ce ta amsa a madadinta, ta ce Allah ya raka taki gona.

Muka kama hanya, ita a gaba da taku uku, ni a baya ina jan akwati a kan tsakuwa. Masu shaguna suna buɗewa, suna bin mu da kallo. Titi cike da yara cikin sababbin kaya, wasu na tsalle, wasu na jan ƙafa ana jan su. A bakin makaranta wata uwa ta tare ni da ɗanta yana kuka, ta ce Malama na bi shawararki, na faɗa masa ɗaya da rabi ina nan. Na ce ta kyauta. Muryata ko ni ban gane ta ba.

Na bar akwatin wajen maigadi na bi Tsigi har sama. Malamar aji uku ƙawata ce, tare muka fara aiki, na ja ta gefe na ce ta sa min ido a kanta, zan yi mata bayani daga baya. A bakin ƙofa Tsigi ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Laraba ƙarfe nawa?"

"Kafin a tashi. In kin fito za ki same ni a nan, daidai inda nake tsaye."

"In ban same ki ba, ba zan ƙara tambayarki komai ba."

Ta shiga. Ba ta dafe ciki ba, ba ta waiwayo ba. Ta zauna a layi na biyu ta fito da fensirinta.

Na sauko na leƙa ajina, na damƙa 'yan aji ɗaya a hannun wadda za ta riƙe min, na fito bakin titi da akwati tara saura minti goma. Tara ta yi. Tara da kwata. Mutanen da ba sa makara ko da minti biyu, har tara da rabi babu su babu dalilinsu. Na kira Injiniya, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ina sauke wayar saƙo ya shigo, wannan karon babu na ɗaya babu na biyu.

"Malama, yayanki ya kira ni. Na ce wa yayata ta dakata. Wadda ta tsallake maganar gidansu a kan 'yar wani, ban san me za ta yi da tawa maganar ba. Makarantar dai suna jiranki ƙarfe biyu, ban soke ba. Ya rage naki."

Na tsaya da waya a hannu, rana ta fara dukan mayafina. In na kama hanyar tasha yanzu-yanzu na samu motar da ta kusa cika, zan iya isa a kan lokaci, ni kaɗai, garin da ban san kowa ba sai mutumin da ya daina ce min Malamata. In kuwa na ja akwatina na koma aji, Tsigi za ta fito lokacin hutun cin abinci ta gan ni, bayan na durƙusa a gabanta na ce mata tafiyar tana nan ko ta je ko ba ta je ba. Wata tasi ta rage gudu a gabana, direban ya leƙo yana tambaya ko tafiya ce. Na ɗaga masa yatsa ya jira, don wayar ta sake motsi.

Ba shi ba ne. Malamar aji uku ce.

Ta ce ta tambayi yaran kowa ya faɗi abu ɗaya da ya koya a hutu. Wani ya ce keke, wata ta ce kitso. Da aka zo kan Tsigi ta miƙe tsaye, ta ce ita ta gane ba makaranta ke kwashe mutane ba, mutanen gida ne suke jira ta fita.